Maganin kwantar da garkuwar jiki: yadda ake shan sa ba tare da an sayo wata cutar ba

Yayata ta yi kusan shekara biyu tana fama da abun da duk dangi suka yanke hukuncin cewa sanyi ne. Da asuba yatsunta sai su sandare kaman an ɗaure su da zare, butar alwala ma sai an zuba mata, ɗaurin ɗankwali kuwa sai rana ta ɗaga hannun ya ɗan saki. Ba jiƙon da ba ta sha ba. Sai da muka je asibiti aka yi gwaji likita ya ce ai wannan ba sanyi ba ne, garkuwar jikinta ce ta rikice take cin gaɓoɓinta, irin amosanin gaɓɓai da suke kira rumatoyid. Tun daga lokacin ni nake raka ta ganin likita, ni nake riƙe takardun gwaji, toh abun da na koya a wannan jelen shi zan jero a nan, ko zai rage wa wani wahala. Sunayen magani zan rubuta su yadda suke a jikin kwali dan kar a samu ruɗani wajen saya.

Fara da gane me ake yaƙa

Garkuwar jiki sojoji ne, aikinsu su kama baƙo, ƙwayar cuta ko makamancinta. A wasu mutane sai sojojin su juya kan mai gida. In gaɓɓai suka tasa a gaba shi ne rumatoyid, in fata ce da ƙoda da jini gaba ɗaya shi ne lupus wanda ya fi kama mata matasa, in hanji ne a samu cutar Crohn ko gyambon babban hanji mai sa gudawa da jini, in fata ce kaɗai tana sāɓa tana fari-fari ana ce mata soriyasis, akwai na ido, akwai na ƙoda mai kumbura yara. Duk uwa ɗaya ce, kumburi ne da jiki ke kunna wa kansa ya ƙi kashewa.

Maganin kashe zafi irin su diclofenac ko ibuprofen yana rage raɗaɗi ne kawai, gaɓar na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. Shi ya sa ake kawo magungunan da ke kwantar da sojojin. Amma fa sojan da ka ce ya kwanta, ko ɓarawo ya shigo ba zai tashi da wuri ba, duk wata ƙa'ida da za ka ji a ƙasa daga nan ta samo asali.

Magungunan kashi-kashi ne. Akwai sitiroyid, su prednisolone da dexamethasone da hydrocortisone, masu aiki kaman yankan wuƙa, kwana biyu mutum ya miƙe. Tun 1948 wani likita Philip Hench a asibitin Mayo da ke Amurka ya fara bai wa mai rumatoyid cortisone, matar da ba ta iya tashi ta tashi tana tafiya, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950 tare da wasu mutum biyu, ba a jima ba kuma aka fara ganin ɓarnar da yake yi in an daɗe a kai. Sai masu aiki a hankali, methotrexate, azathioprine, sulfasalazine, leflunomide, mycophenolate, ciclosporin, da hydroxychloroquine wanda shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Sai kuma na zamani masu tsada da ake yi ta allura ko ƙarin ruwa, su infliximab da etanercept da suka fito a 1998, adalimumab a 2002, da rituximab. Yawanci likita zai haɗa prednisolone da ɗaya daga cikin masu tafiyar hawainiyar, sitiroyid ɗin ya riƙe ka na 'yan makonni kafin ɗayan ya kama aiki, daga nan a fara janye shi.

Kafin ƙwaya ɗaya ta shiga bakinka

Nan ne mutane suka fi yin gajen haƙuri sbd kuɗin gwaji, kuma nan ne ya fi hatsari a tsallake. Gwajin jini na ƙirga ƙwayoyi, wanda a lab suke ce wa FBC, gwajin hanta, gwajin ƙoda, waɗannan dole ne, domin su ne ma'aunin da za a dinga kwatanta na gaba da su.

Sai tibi. Mutum kan iya ɗauke da ƙwayar tibi shekara da shekaru tana barci a huhunsa ba tari ba komai, garkuwa ce ta danne ta, ranar da aka kwantar da garkuwar sai ta farka, musamman da su infliximab da adalimumab. A ƙasarmu da tibi ke da yawa wannan ba abun wasa ba ne. A yi hoton ƙirji, a yi gwajin fata na Mantoux ko na jini, in akwai tari a kai majina gwajin GeneXpert. In an ga tana barci akwai maganin riga-kafi irin isoniazid da ake sha na wasu watanni, in kuma ta riga ta tashi maganinta kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Kuma in kana kan maganin tibi ka faɗa, domin rifampicin yana rage ƙarfin prednisolone da ciclosporin sosai.

Ciwon hanta nau'in B ma haka yake, da yawa suna da shi ba su sani ba, in aka danne garkuwa sai ya taso ya cinye hanta cikin ƙanƙanin lokaci, rituximab ya fi kowa wannan laifin. In an same shi ba wai shikenan ba za a yi magani ba, ana haɗa wa mutum tenofovir ko entecavir ya tsare hantar. A duba nau'in C da HIV su ma. Akwai kuma wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, tana iya zama a jiki shekaru, in aka ba da sitiroyid mai yawa sai ta bazu ko'ina, shi ya sa wasu likitocin kan ba da ivermectin tun kafin a fara. In sulfasalazine za a ba ka, ka tambaya ko a duba G6PD, wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, domin masu ƙarancinsa suna da yawa a cikinmu kuma maganin na iya fasa musu jini.

Mace kuma a yi maganar ciki ƙarara, ba kunya a nan. Zan dawo kai.

Methotrexate sau ɗaya ne a SATI

Na rubuta da manyan baƙi da gangan. Ba kullum ba, ba safe da yamma ba, rana ɗaya a mako. An rasa rayuka a ƙasashe da dama kan wannan kuskuren kaɗai, mutum ya saba duk magani kullum ake sha sai ya yi ta afawa, cikin kwanaki ɓargo ya daina yin jini, baki ya yi miki, hanji ya saluɓe. Yaya ranar Talata ce tata, mun rubuta TALATA da maka a jikin kwalin, mun kuma saita ƙararrawa a waya.

Ƙwayar na zuwa a 2.5 mg da kuma 10 mg, suna iya kama da juna, dan haka kar ka haddace "guda shida nake sha", ka haddace yawan miligiram ɗin. Mai shan 15 mg guda shida ne na 2.5, in aka canja masa kwali zuwa na 10 ya sha shida ai ka ga ya sha 60. Duk sanda ka sayo sabo ka duba lambar kafin ka bar gaban kanta, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Yawanci ana farawa daga 7.5 ko 10 mg a dinga ƙarawa, ba a cika wuce 25 ba.

Ana haɗa shi da folic acid, galibi 5 mg, amma ba rana ɗaya da shi ba, yana rage tashin zuciya da ƙurajen baki da wahalar hanta. In ka manta ranarka ka tuna washegari ko jibi, sha abunka, in ya wuce haka ka tambayi likita, kar dai ka ninka. In kuma kuskure ya faru an sha kullum, asibiti kai tsaye ko da mutum yana jin garau, akwai makarinsa folinic acid amma da wuri yake aiki.

Kuma sai an yi haƙuri, sati 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa. A sati na huɗu Yaya ta ce min "kai ni fa wannan maganin naku ba ya komai, ƙaramar farar nan ita ce mai aiki", tana nufin prednisolone. Haka kowa ke cewa, daga nan ne ake yar da mai gyaran a rungumi mai daɗin.

Prednisolone, ɗan zaki mai girma ya cinye mai shi

A sha da safe bayan an ci abinci, da dare yana hana barci. In an daɗe a kai ga abun da ke biyo baya: fuska ta yi zagaye, ciki da wuya su yi kitse ƙafafu su sirance, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi har ya karye da ƙaramar faɗuwa, yanar ido ko hawan ruwan ido, fata ta yi siriri tana zane, ga saurin fushi. Yana kuma iya kashe kan ƙashin ƙugu, mai sikila da ma yana da wannan barazanar, dan haka shi sai an yi taka-tsantsan ninki biyu. Haɗa shi da diclofenac ko piroxicam kuma gayyatar olsa ce mai zubar jini.

Wannan ƙibar ita ce wasu 'yan mata ke nema da gangan da sunan sha-ka-fashe, dexamethasone ne a ciki mafi yawan lokuta, abun da suke ɗauka ƙiba ce alhali ruwa ne da illar magani. Haka wasu haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis, in ka ga tsoho ya sha ya miƙe kaman ba shi ba, ka bincika ƙaramar ƙwayar da ke ciki.

Babban abun kiyayewa, in ka wuce kaman sati 3 kana sha kar ka tsaya rana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin, in ta ga ana kawowa daga waje sai ta yi kwanciyarta, in ka yanke kwatsam ba ta farka ba jiki ya rasa gaba ɗaya, sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, har suma, har mutuwa. Likita ne zai tsara yadda za a dinga ragewa kaɗan-kaɗan. Saboda haka kar ka bari ya ƙare maka ranar Juma'a da yamma ko ana gobe sallah, ka sayi na gaba tun da sauran na sati. In amai ya hana ƙwayar zama a ciki, ka je a yi maka allurar hydrocortisone. In za a yi maka tiyata ko cire haƙori ko haihuwa, faɗa musu kana kan sitiroyid, wani lokacin sai sun ƙara maka na ɗan lokaci. A rage gishiri da zaƙi, a dinga auna suga da jini, a tambayi likita batun calcium da bitamin D.

Gwajin bibiya

Ga masu methotrexate, azathioprine, leflunomide da ire-irensu, tsarin da aka fi bi shi ne gwajin jini da hanta da ƙoda duk sati 2 a farko har adadin maganin ya zauna, sai duk wata na wata 3, daga nan duk wata 3. Na san kuɗi ne, wallahi na sani, amma fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ko hanta ta fara kuka mutum bai ji komai ba, takarda ce kaɗai ke nunawa. In aljihu ya yi zafi gara ka gaya wa likita gaskiya ya zaɓar maka wanda ba za a bari ba, da ka ɓace wata shida kana sayen magani da tsohuwar takarda.

Mai ciclosporin a sa ido kan hawan jini da ƙoda, yana kuma kumbura dasashi. Mai hydroxychloroquine a duba bayan idonsa a farko, bayan shekara 5 kuma duk shekara, kuma duk da ɗan uwan chloroquine ne kar ka ɗauka ya tsare ka daga maleriya, gidan sauro na nan daram. Sulfasalazine na rina fitsari ya koma ruwan lemo, wannan ba komai ba ne.

Kemis ɗin unguwa

Wata rana Yaya ta tashi da fitsari mai zafi, ta aiki yaro kemis, ya dawo da sacet na farar ƙwaya. Allah Ya sa ina gidan, na karɓa na juya bayan, Septrin. Na koma da kaina na ce wa yaron shagon "Malam, Hajiya fa tana kan methotrexate", ya ce "ai ba komai yallaɓai, wannan antibayotik ne kawai". Ba mugunta ba ce, bai sani ba ne. Septrin, wato co-trimoxazole, da trimethoprim in suka haɗu da methotrexate suna iya durƙusar da ɓargo gaba ɗaya, ga shi kuma yana cikin abun da aka fi miƙa wa mutane ba takarda. Ka riƙe wannan sunan.

Na biyu, azathioprine da allopurinol, maganin da ake ba masu ciwon gaɓɓai na gawut, allopurinol na hana jiki narkar da azathioprine sai ya taru ya zama guba. Maganin kashe zafi kuma in dai ba likitanka ne ya amince ba ka tsaya kan paracetamol. Giya da methotrexate ba sa ga maciji sbd hanta. Jiƙe-jiƙe da magungunan gargajiya na cikin jarka, ra'ayina a ajiye su, ba raini ba ne, matsalar ba wanda ya san me ke ciki, in gwajin hanta ya hau ba za a san wa za a kama ba, sai likita ya tsayar da maganin da ke maka aiki a banza. Su kuma masu tallan "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", ai kai garkuwar ce ta yi maka yawa.

Zazzaɓi ba a jiran sa

Mai wannan magani in jikinsa ya kai 38 a ma'auni, ranar zai ga likita. Mu da zarar jiki ya yi zafi maleriya ce, toh a gwada, amma ko an ga maleriya a duba jini ma. Kuma sitiroyid na ɓoye zazzaɓi, mutum na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa ba zafi, sai kasala kawai da rashin kuzari. Sauran alamun da ba a kwana da su: ciwon maƙogwaro da miki a baki, busasshen tari da numfashi sama-sama ga mai methotrexate, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jini daga hanci ko dasashi, tabo baƙi-baƙi a fata ba tare da an buge ba, ƙuraje masu ruwa da zafi a gefe ɗaya na jiki kaman an yi ɗamara. Yawanci in ana jinyar wata cuta mai ƙarfi likita kan ce a dakata da methotrexate ko allurar har a warke, amma prednisolone ba a dakatar da shi, wannan bambancin a riƙe shi da kyau.

In yaro ya yi ƙarambau ko ƙyanda a gida kuma ba ka taɓa yi ba, ka nisance shi ka kira likita a ranar. Nono ko madarar da ba a dafa ba, ƙwai ɗanye, naman da bai gasu ba, ruwan da ba ka yarda da shi ba, a haƙura.

Riga-kafi da tafiya Makka

Allurar riga-kafi iri biyu ce, mai mataccen ƙwaya da mai rayayye da aka raunana. Mai mataccen ba matsala, ana ma so a yi, irin na ciwon hanta B, na sanƙarau, na tetanus, na nimoniya, in da hali tun kafin a fara magani. Mai rai ita ce abun tsoro, ta cutar shawara wadda ake ba da katin nan ruwan ɗorawa a kanta, ta ƙyanda, BCG ta tibi, da ɗigon shan inna na baki. Maniyyaci ko mai Umara kar ya shiga layi kawai a tsira masa, ya fara zuwa wurin likitansa watanni kafin tafiya, in da ma ya taɓa yin ta shawara sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, in bai taɓa ba likita zai duba ko a rubuta masa takardar uzuri. Ya kuma tafi da maganin da zai ishe shi har da rara, a jakar hannu, da takardar likita.

Matar da ta yi allurar su infliximab ko adalimumab a watannin ƙarshe na ciki, maganin na ratsawa zuwa jariri, dan haka BCG ɗin da aka saba yi da haihuwa sai an jinkirta shi watanni, ta gaya wa ungozoma tun kafin ranar.

Ciki da shayarwa

Methotrexate, mycophenolate, leflunomide da cyclophosphamide suna ɓarar da ciki ko su nakasa jariri. Mai shan su dole ta kasance kan tsarin iyali mai inganci, kuma maigida ya san dalili, gara ma a je da shi wurin likita ya ji da kunnensa dan kar surutun dangi ya sa a yi ganganci. In ana son haihuwa ana tsarawa, a tsayar da methotrexate aƙalla wata 3 kafin, wasu likitocin ma 6 suke cewa, mycophenolate aƙalla sati 6, leflunomide kuwa yana daɗewa a jiki sosai sai an ba da wani magani ya wanke shi. Sai a koma kan waɗanda ciki ke ɗauka, hydroxychloroquine, azathioprine, sulfasalazine da ɗan prednisolone. Mai lupus musamman kar ta ce ta samu ciki ta watsar da komai, tashin cutar ya fi maganin hatsari gare ta da ɗan. In ciki ya shiga ba shiri ana kan methotrexate, a daina shi nan take a ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a shayarwa a kansa.

Ajiya, azumi, da ɗan littafi

Alluran zamanin nan a firij suke zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a firiza ba, in suka daskare sun lalace. Da halin wutarmu sai ka yi lissafi tun kafin ka zuba kuɗi, ko gidan da ke da sola, ko a bar maka a firij ɗin asibiti, in za ka ɗauko kuma a saka a cikin kula mai ƙanƙara amma a naɗe da tsumma kar ta taɓa kwalbar. Ƙwayoyi kuma a sama inda yara ba sa kaiwa, nesa da rana, ba cikin mota ba.

Azumi, da yawa suna iya yi in cutar ta lafa, prednisolone a mayar da shi sahur, methotrexate bayan buɗa baki a ranarsa. Mai ciwon ƙoda, ko mai ciclosporin da ke buƙatar ruwa sosai, ko wanda sitiroyid ya tayar masa da suga, ya zauna da likita tun a Sha'aban.

Mu dai littafin makaranta mai shafi 40 muka saya, shafin farko sunayen magungunan Yaya da miligiram da ranar sha, an ja layi biyu da jan biro ƙarƙashin "ba a ba ta Septrin", sauran shafukan kwanan wata da sakamakon kowane gwaji. Yana cikin jakarta ko biki za ta, duk wanda zai rubuta mata ko da maganin mura ne sai ta miƙa masa ya karanta tukuna. Yanzu prednisolone ɗinta ya sauko zuwa 5 mg, likita na maganar a gwada 2.5 bayan gwajin wata mai zuwa, kuma ita ke ɗaura ɗankwalinta tun kafin a kira assalatu.